Daga Salaga zuwa Bakin Teku: Me Ya Kashe Kasuwar Bayi?

Motar Tamale ta ajiye mu a Salaga, a arewacin Ghana, da hantsi, bayan tafiyar kilomita kusan 120, kowa ya yi buɗu-buɗu da jar ƙura. Tsakiyar garin, wajen da motocin haya suka daɗe suna lodi, nan ce tsohuwar kasuwar bayi. Bahaushe ba ya neman tafinta a nan, don wuraren da ake kai baƙo ma da harshensa aka raɗa musu suna. Akwai Wankan Bayi, wani fili mai rijiyoyi birjik a bayan gari, inda ake wanke waɗanda aka koro daga arewa, a shafe su da man kaɗe, a ciyar da su 'yan kwanaki su murmure kafin a fito da su a yi tayi. Akwai kuma Rafin Angulu, inda ake yar da gawar wanda bai kai ga kasuwar ba.

Na gaida wani dattijo a inuwar masallaci, na ce, "Baba, yaushe aka daina sayar da mutane a garin nan?" Ya ce, "Ai ɗana, sai da Bature ya zo da ƙafarsa ya zauna." Lissafinsa bai kauce ba. Salaga ba ta shiga hannun Ingila sosai ba sai a 1899, da ita da Jamus suka raba yankin. Mu kuwa a makaranta an karantar da mu cewa a 1807 aka hana cinikin bayi, kuma wani Bature mai tausayi, William Wilberforce, shi ya hana. To ga kasuwar da ta ƙara ci bayan 1807, ta kuma yi shekara kusan 90 tana ci. Wannan saɓanin ne ya sa na bi tsohuwar hanyar fatake daga nan har teku.

Tun wajen tsakiyar ƙarni na 18 Gwanja da Dagomba ke ƙarƙashin Asante, waɗanda fatakenmu ke kira Tonawa, kuma cikin gaisuwar da ake kai wa Kumasi duk shekara har da mutane. Wasu a bar su aiki, wasu a gangara da su bakin teku a musanya da bindiga da albarushi da barasa da yadi. Da ƙofar teku ta fara rufewa, sai Asante ta juyo da fuskarta arewa, ta rungumi cinikin goro. Ayarin Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari kan taso daga Kano, madugu na gaba, su yi wata biyu zuwa uku a hanya, ɗauke da kanwa da baƙin yadi da jar fata, su koma da goro. Tsintar goron nan a daji, da dakonsa, da haƙar zinariya, duk hannu suke buƙata. Mutanen da jirgin Bature ya daina ɗauka sai gona da rami suka haɗiye su.

Sakkwato ma maganar ta je. A 1824 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba Baturen Ingila mai yawon binciken ƙasa Hugh Clapperton wasiƙa zuwa ga Sarkin Ingila George na IV, ya amince zai hana fatakensa fitar da bayi zuwa Dahomey da Asante, in aka turo masa jakada da likita. Abin da ya fi damun Bello shi ne a sayar da Musulmi ga Nasara. Bauta ita kanta bai ce zai taɓa ta ba. Clapperton ya dawo a 1826, ya rasu a Sakkwato a 1827, maganar ta bi ruwa.

Daga Salaga sai Makango, inda ake fito. Da can Volta kogi ne da ayari ke ƙetarewa, amma tun da aka gina madatsar Akosombo a shekarun 1960 ya zama tafki mai faɗi. Jirgin fiton da ke ɗaukar motoci ba ya da tabbataccen lokaci, don haka mai son kwana Kumasi ya yi sammako, in ya rasa shi sai kwale-kwale mai inji. Daga Yeji a bi Atebubu, Ejura, Mampong, a shiga Kumasi da dare. A wannan birnin ne a 1820 Sarkin Asante Osei Bonsu ya titsiye jakadan Ingila Joseph Dupuis da tambayar da har yau ba ta tsufa ba: in cinikin nan mugu ne yanzu, me ya sa da can suka ga kyansa? Damuwarsa a fili take. Yana yaƙi yana kamo ribatattu, ba zai iya tara dubbansu kusa da fada ba don gudun tawaye, ga shi kuma da su yake sayen albarushi.

Hanyar Cape Coast ta ratsa kogin Pra a Assin Praso, ta wuce Assin Fosu, ta kai Assin Manso, kimanin kilomita 40 kafin teku. Nan ne wankan ƙarshe. Rafin ba shi da girma, gora ta yi masa rumfa, ruwansa ja-ja. A nan ake aske wa mutum kai, a sake shafe shi da mai, a ware mai ƙarfi da marar ƙarfi. A bakin shiga akwai kaburbura biyu na waɗanda aka dawo da ƙasusuwansu a 1998, ɗaya daga Amurka ɗaya daga Jamaika.

Ginin Cape Coast fari ne tas, igwa jere a kan ganuwa suna kallon teku. Mutanen Suwidin suka fara kafa shi a 1653, ya faɗa hannun Ingilishi wajen 1664, ya zama hedikwatarsu a wannan gaɓar. Kurkukun maza a ƙarƙashin ƙasa yake. Ana gangarawa ta wani lungu mai santsi, sai ido ya daina gani. Ɗakuna biyar ne, mai yi mana jagora ya ce kowanne kan ɗauki mutum kamar 200. Iska da haske ta 'yan ƙananan tagogi suke shigowa can sama kusa da rufi. A tsakiyar daɓen an yanka wata 'yar kwata don fitsari da bayan gida su gangara. Ya haska bango da fitilar wayarsa, ya nuna mana alamar inda ƙazantar da ta daskare ta kai kafin a kankare ta. A ɗakin da ba a kankare ba, abin da muke takawa ba bulo ba ne. Kai tsaye a saman wannan ramin ɗakin ibadar Turawan yake. Jirgi kuma ba ya matsowa gaɓa, don babu tasha kuma igiyar ruwa na da ƙarfi. Can nesa yake kafa anga, masuntan Fante su riƙa jigila da kwale-kwale daga 'yar ƙofar da ake kira ƙofar da ba a dawowa.

Masana da suka tattara rajistar jirage sun ƙiyasta mutum miliyan 12.5 aka loda daga Afirka, kimanin miliyan 10.7 suka sauka da rai. Jiragen Birtaniya kaɗai sun ɗauki sama da miliyan 3. Ƙasar da ke kan gaba a sana'a ba ta barinta don wa'azin mutum ɗaya.

Labarin da ya fara girgiza mutanen Ingila daga nan gaɓar ya tashi. A 1781 aka ƙwace wani jirgin Holan, aka kawo shi Cape Coast, wasu 'yan kasuwar Liverpool ƙarƙashin William Gregson suka saye shi. Sunansa Zong. Ya bar gaɓar a watan Agusta da mutum 442, fiye da ninki biyu na abin da jirgi mai girmansa ya kamata ya ɗauka. Matuƙan suka yi kuskuren hanya, suka wuce Jamaika, suka ce ruwan sha ya yi ƙasa. Ƙa'idar inshora a lokacin ita ce: bawan da ya mutu da ciwo asarar mai jirgi ce, wanda aka jefa teku don ceton sauran kaya kuwa kamfanin inshora ne zai biya, fam 30 kowane kai. Daga 29 ga Nuwamba suka jefa sama da mutum 130 da ransu. Da aka je kotu a Landan a 1783, shari'ar kuɗin inshora aka yi, ba wanda aka tuhuma da kisa. Olaudah Equiano, wanda shi ma tsohon bawa ne, shi ya kai labarin ga Granville Sharp, mutumin da ya tsaya wa James Somerset a 1772 har kotu ta ce ba a fitar da bawa daga Ingila da ƙarfi. Wani Bafante daga Ajumako, Ottobah Cugoano, wanda aka sato yana ɗan shekara 13 aka ajiye shi a kurkukun wannan gaɓar, ya buga littafi a Landan a 1787 yana neman a soke bautar gaba ɗaya, abin da Turawan da ke gwagwarmayar ma ba su kai ga furtawa ba tukuna.

Ranar 22 ga Mayu 1787 mutum 12 suka zauna a wani shagon ɗab'i a Landan suka kafa ƙungiyar yaƙi da cinikin. Tara daga cikinsu 'yan ɗariƙar Kwaka ne, masu tsantseni da riƙon amana a kasuwanci, masu rassa a kowane gari. Suna da kuɗi da injin buga takarda, amma doka ta hana su shiga majalisa, shi ya sa suka buƙaci Wilberforce, ɗan majalisa mai baki, aminin Firayim Minista William Pitt. Suka kuma zaɓi su fara da cinikin su bar bautar, domin taɓa bautar taɓa dukiyar mutane ce a idon doka, ciniki kuwa majalisa ta saba tsara shi.

Wanda ya yi aikin ƙafa shi ne Thomas Clarkson. Ya yi tafiyar mil 35,000 a kan doki cikin shekara bakwai, yana bin mashayar matuƙa a Bristol da Liverpool. Ya sayi mari da ƙarfen matse babban yatsa da ƙarfen buɗe bakin wanda ya ƙi cin abinci, yana nunawa a taro. Ya bi rajistar ma'aikatan jirgi ya tara sunaye kusan 20,000. Masu kare cinikin suna cewa nan ne makarantar horar da matuƙan sojan ruwa, shi kuwa ya nuna da alƙaluma cewa wajen ɗaya cikin biyar na matuƙan mutuwa suke yi a tafiyar. Ɗan majalisar da ran Baƙar fata bai dame shi ba, ran matuƙin Ingila ya dame shi.

Kwafin zanen wani jirgin bayi mai suna Brookes yana nan a ɗakin tarihin da ke sama. Na tsaya kansa na daɗe. Mutane ne kwance jere kamar an shanya kifi, kuma awon a rubuce yake: namiji ƙafa 6 tsawo da ƙafa 1 da inci 4 faɗi, mace ƙafa 5 da inci 10 da faɗi iri ɗaya, yaro ƙafa 5 da ƙafa 1 da inci 2, yarinya ƙafa 4 da rabi da ƙafa 1. Abin lura, wannan shi ne lodin da doka ta halatta bayan gyaran 1788, wato mutum biyar a kowane tan uku na girman jirgi, wanda ya ba jirgin izinin 454. Kafin gyaran ya taɓa ɗaukar 609. Zanen ya shiga gidaje da shaguna, wanda bai iya karatu ba ma ya gane. A 1791 da 1792 mutum kamar 300,000 suka ƙaurace wa sukarin da bayi suka noma, kuma mata ne ƙashin bayan abin, tunda su ke cefane. A 1792 takardun koke 519 suka isa majalisa.

Duk da haka ba a ci ba. A 1791 an kayar da ƙudurin hana cinikin a majalisa da ƙuri'a 163 da 88. A 1792 majalisar wakilai ta yarda, amma Henry Dundas ya cusa kalmar "sannu a hankali", majalisar dattawa kuma ta shashantar. A 1793 yaƙi ya ɓarke da Faransa, duk mai maganar 'yanci aka fara yi masa kallon ɗan juyin juya hali. A 1796 da ƙuri'a huɗu kacal aka faɗi, 74 da 70, wasu magoya baya sun tafi kallon wasan waƙa a daren. Tausayin jama'a ya kai maƙura tun 1792, amma sai da aka ƙara shekara 15. Ke nan akwai abin da ya canza a tsakani wanda ba tausayi ba.

Amsar rabinta tana gabas da Cape Coast, tafiyar ƙasa da awa ɗaya a kan hanyar Accra. Bayan Anomabo akwai wata tsohuwar ganuwa a kan tudu a Abandze, kusa da Kormantse. Daga sunan wannan ƙauyen masu gonakin rake suka samo kalmar Koromanti, sunan da suke kiran duk bawan da aka ɗauko daga wannan gaɓar, kuma sunan da ke hana su barci. Su suka yi tawayen da wani bawa mai suna Tacky ya jagoranta a Jamaika a 1760. A teku ma haka: kimanin tafiya ɗaya cikin goma sai an yi bore. Saboda haka kowane jirgin bayi na da katangar katako mai tsawon ƙafa goma da ta raba bene biyu, da ƙananan igwa a samanta suna kallon ɓangaren maza, da raga a kewaye don masu faɗawa ruwa, da ma'aikata kusan ninki biyu na jirgin kaya. Duk kuɗi ne, kuma daga ribar ake cirewa.

Babbar girgizar ita ce Haiti, wadda a lokacin ake kira Saint-Domingue. Mallakar Faransa ce mai bayi kusan 500,000, ita ke ba Turai wajen kashi 40 cikin ɗari na sukarinta da fiye da rabin gahawarta. A Agusta 1791 bayin suka tashi. Birtaniya ta tura runduna daga 1793 zuwa 1798 don ta gaje wurin, zazzaɓin shawara da dakarun Toussaint Louverture suka cinye mata dubban sojoji. Napoleon ya gwada a 1802, shi ma ya sha kashi, ranar 1 ga Janairu 1804 Jean-Jacques Dessalines ya ayyana 'yanci. Wannan ya yi aiki ta fuska biyu. Kowa ya ga cewa yawancin mayaƙan haifaffun Afirka ne da ba su daɗe da sauka ba, don haka ci gaba da jibge sababbi tara wa kai wuta ne. Sannan hujjar da aka daɗe ana kafawa, cewa in Ingila ta bari Faransa za ta kwashe kasuwar, ta mutu, tunda Faransa ta rasa gonar, ta kuma rasa ƙarfin teku a yaƙin Trafalgar a 1805. Da Napoleon ya mayar da bauta a 1802, ƙin cinikin ya koma kishin ƙasa a Ingila, bayan shekara goma yana kama da cin amana. A can Bahia ta Brazil ma, a wannan shekara ta 1807 aka bankaɗo shirin tawayen bayi Hausawa, aka sake yi a 1809 da 1814.

Sai batun kuɗi, inda masana suka fi sa-in-sa. Eric Williams, wanda daga baya ya shugabanci Trinidad, ya ce a 1944 an bar cinikin ne don rake ya daina biya, masana'antu kuma sun tashi. Seymour Drescher ya zo a 1977 ya nuna da lissafi cewa cinikin na kan ganiyarsa lokacin da aka yanka shi. Ni dai na fi karkata ga cewa riba ba ta ƙare ba, amma masu ita sun rabu gida biyu. Jamaika ta fitar da sukari kusan tan 100,000 a 1805, kasuwa ta cika, Napoleon ya rufe wa kayan Ingila tashoshin Turai a 1806, farashi ya faɗi. Birtaniya kuma ta ƙwace Trinidad da Guyana masu sabuwar ƙasa mai albarka. Tsohon mai gona a Barbados, wanda bayinsa ke hayayyafa ba ya buƙatar sayen sababbi, me zai sa ya yi faɗa don a kawo wa kishiyarsa ma'aikata?

A nan wani lauya, James Stephen, ya kawo dabarar da ta buɗe ƙofar. A 1806 aka shigar da doka a matsayin matakin yaƙi: an hana ɗan Birtaniya kai bayi ga yankunan ƙasashen waje da waɗanda aka ƙwato. Masu gwagwarmayar suka yi gum, ba wanda ya ambaci tausayi, kuma ba ɗan majalisar da zai tashi ya ce a ci gaba da wadata abokan gaba. Wannan dokar kaɗai ta datse fiye da rabin cinikin Birtaniya. Pitt ya rasu a Janairun shekarar, gwamnatin Grenville da Fox ta hau tana so da gaske, ga 'yan majalisar Ayaland da suka shigo tun 1801 ba su da hannun jari a rake. A Fabrairu 1807 aka yi ƙuri'a, 283 da 16, sarki ya sa hannu ranar 25 ga Maris. Denmak ta riga su, don dokarta ta 1792 ta fara aiki a 1803. Ta Amurka ta fara ranar 1 ga Janairu 1808.

A Anomabo, cikin watan Yuni na 1807 ɗin, rundunar Asante ta afka wa garin, mutane suka fake a ganuwar Ingilishi. Da aka yi sulhu, gwamnan Cape Coast, Torrane, ya raba masu neman mafakar da Sarkin Asante, ya sayar da nasa kason ga jiragen da ke rige-rigen lodi kafin wa'adi ya cika.

Elmina kilomita 12 ce yamma da Cape Coast. Fotugal ta gina ganuwarta a 1482, Holan ta ƙwace a 1637, ta miƙa wa Ingila a 1872. Daga saman ganuwar ana ganin bakin kogin Benya cike da kwale-kwalen masunta masu tutoci kala-kala, warin kifi da hayaƙin banda na tasowa. Tutocin nan sun tuna mini matsalar da ta biyo bayan 1807, domin bayan dokar an ƙara ɗibar mutum kimanin miliyan 3, yawanci zuwa Brazil da Kyuba.

Hukuncin farko tara ce, fam 100 kan kowane bawa. Mai jirgi ya lissafa ta cikin kuɗin tafiya kawai. Sai a 1811 aka mai da shi babban laifi mai ɗaurin shekara 14 a ƙasar nesa, a 1824 aka daidaita shi da fashin teku mai hukuncin kisa. Rundunar sintiri ta fara a 1808 da jirage biyu tak, ga gaɓa mai dubban mil. Ba ta da ikon binciken jirgin wata ƙasa sai da yarjejeniya, don haka Ingila ta shiga saye: fam 300,000 ga Fotugal a 1815, fam 400,000 ga Sifaniya a 1817. Dillalai suka koma yawo da tutoci da takardu iri biyu ko uku, musamman tutar Amurka, wadda ba ta yarda a binciki jiragenta ba sai 1862.

Yarjejeniyoyin farko suna da rami babba. Ba a kama jirgi sai an same shi da bayi a ciki. Sai kyaftin ya yi ta shawagi fanko a gaban masu sintiri, mutanen na tsare a rumfuna a gaɓa, dare ɗaya a loda cikin 'yan awoyi a cika wa iska tanti. In an biyo shi, ya zubar da shaidar a teku. Maganin da aka samo shi ne sharaɗin kayan aiki, wanda Holan ta karɓa a farkon shekarun 1820, Sifaniya a 1835: ko babu bawa ko ɗaya, jirgi ya kamu in an ga murfin rami mai raga maimakon rufaffe, ko katakan shimfiɗa bene na biyu, ko mari da sarƙa, ko gangunan ruwa da suka fi buƙatar ma'aikata, ko ƙatuwar tukunya, ko shinkafa da garin rogo fiye da kima. Wani ramin kuma, jirgin da kotun Freetown ta Saliyo ta ƙwace gwanjonsa ake yi, dillalan su sake saye ta hannun wakili. Sai da aka koma farfasa shi. Tafiyar kai kamammen jirgi Freetown daga gaɓar Benin kan ci makonni saboda iska da igiyar ruwa na gaba da shi, atuni da agana su yi ta ɗauka a hanya. Masu sintirin ma ba su tsira ba, a 1829 zazzaɓi ya kashe fiye da kashi ɗaya cikin huɗu nasu. Jimilla sun kama jirage kamar 1,600, sun saki mutum kamar 150,000. A auna wannan da miliyan 3.

Cinikin bai mutu ba sai da aka rufe wurin sauke kaya. Brazil ta yi doka a 1831 wadda su da kansu suke ce wa ta ganin idon Bature. Tawayen Musulmi a Salvador a Janairu 1835, Yarabawa da Hausawa, ya tsorata masu mulki. A 1845 Ingila ta ba kanta ikon kama jiragen Brazil, a 1850 jiragen yaƙinta suka shiga har cikin tashoshin ƙasar, a Satumba aka yi dokar da ta yi aiki da gaske. Kyuba ta ja har wajen 1867. A Elmina kuwa Holan, wadda ta hana cinikin tun 1814, ta samo wata hanya: daga 1831 zuwa 1872 ta ɗebi mutum kusan 3,000 aikin soja a tsibirin Java na Indunusiya, da yawansu bayi ne daga arewa da aka fanso da kuɗin da za a cire daga albashinsu. Unguwar da waɗanda suka dawo suka zauna har yau Tudun Java ake ce mata.

A hanyar komawa, tsakanin Assin Fosu da Praso, mata na dafa kwakwa a rabin duro a bakin titi, jarkokin manja jere a kan benci. Wannan jan man yana cikin abin da ya sa sarakunan gaɓa suka haƙura. Masana'antun Ingila na son sa don sabulu da kyandir da shafa wa injuna. Abin da take saye ya tashi daga tan kamar 1,000 a 1810 zuwa tan 10,000 a 1830, ya haura 30,000 a shekarun 1850. Sai dai hawan bishiyar da kirɓa kwakwar da dakon man zuwa teku, bayi ne suka yi mafi yawansa. Inda sarki ya ƙi sauyawa kuma igwa ta yi magana, kamar Legas a 1851, da aka tumɓuke Sarki Kosoko aka mayar da Akitoye, bayan shekara goma aka haɗiye garin gaba ɗaya. Yaƙi da cinikin bayi ya zama takardar izinin shiga ƙasar mutane, kuma da ita Lugard ya zo mana.

Zangona na ƙarshe Yendi ne, gabas da Tamale, inda kabarin Babatu yake. Bazabarme ne, shi da mayaƙansa suka yi ta kai hari ƙasar Gurunsi a shekarun 1880, ribatattunsu ne suka cika Salaga a lokacin da Cape Coast ta yi sama da shekara saba'in da rufe kurkukunta. Dokar 'yanta bayi da Ingila ta yi a gaɓar a 1874, bayan ƙona Kumasi, ba ta iso nan ba. Yaƙin basasar 1892 ne ya watsa fataken Salaga zuwa Kete-Krachi da Yeji da sauran zangogi. A gidan da kabarin yake ana fito wa baƙo da sarƙoƙi da kayan yaƙin da aka ce nasa ne, ƙarfen ya yi baƙi, ya yi sulɓi saboda taɓawa. A Arewacin Nijeriya sanarwar Lugard ta 1901 ta hana hari da saye da sayarwa, ta ce duk ɗan da aka haifa daga Afrilun shekarar ɗa ne, amma wanda ke hannun ubangijinsa an bar shi ya fanshi kansa ta hanyar murgu, yana biya kaɗan-kaɗan, alƙali na rubutawa. Dokar da ta soke bautar ɗungurungum sai a 1936 ta fito.